Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Amsa Ga Ma'aikaciyar Walwala

Assalamu alaikum Hajiya. Ni ma'aikaciyar walwalar jama'a ce a wata ƙaramar hukuma, wata tara ke nan da kama aiki. An ce min kin yi wannan aikin har kika yi ritaya, shi ya sa na kawo miki kukana. Akwai wata budurwa 'yar shekara 23 da aka miƙa min fayil ɗinta. Sanƙarau ya kama ta tana 'yar shekara biyar, ta tashi amma kanta bai koma daidai ba. Kalmomin da take iya faɗa ba su fi goma ba, ga kuma farfaɗiya. Mahaifinta ya rasu bara waccan. Mahaifiyarta kuwa ƙosai take toyawa a bakin titi, magani kuwa sai ran da aka samu kuɗi a sayo a kemis. Wata huɗu ke nan ta canza: tana cizon hannunta, tana kururuwa da dare, ta ƙi yarda a yi mata wanka, rannan har ta ture ɗan maƙwabta ya fasa goshi. Yanzu in uwar za ta fita tuya sai ta ɗaure mata ƙafa da igiya ta kulle ɗaki. Baffanta, wanda gonar gadonta take hannunsa, ya ce ko dai a kai ta gidan mari, ko a aurar da ita ga wani dattijo da ya fito yana so, wai aure zai daidaita ta. Ogana ya ce in rufe fayil, mu ba asibitin mahaukata ba ne. Rabin albashina a gidan yake ƙarewa, barci ma ya gagare ni. Ina tunanin in ɗauko ta in riƙe, amma maigidana bai ba ni fuska ba. Hajiya, ina mafita?

Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya ba ki ladan wannan ɗawainiya.

Kada ki ɗauko ta. Dalilin yana tafe can ƙasa. Abin da ya tsaya min a wasiƙarki, har na karanta na sake karantawa, kalmomi biyu ne da kika wuce su da gudu: wata huɗu.

Shekara 18 mutuniyar taki ta yi da wannan larura, kuma a cikinsu ba ta cizon hannu, ba ta ƙin wanka, ba ta ture 'ya'yan mutane. Sanƙarau ya yi ɓarnarsa ya wuce tun tana ƙarama, ba zai waiwayo yanzu ya ƙara wata ba. Ashe akwai wani abu sabo, ruwa kuwa ba ya tsami banza. Baffa ya zo da aure da mari, uwa ta zo da igiya, oga ya zaro bironsa, ke kin share mata ɗaki, amma duk cikinku babu wanda ya tsaya ya ce me ya same ta. Wannan tambayar ita aka ɗauke ki aiki ki yi. Sauran duk a bayanta suke.

Mutumin da kalmominsa ba su fi goma ba, jikinsa ne bakinsa. Ke in haƙori ya dame ki sai ki ce haƙori. Ita ba ta da wannan kalmar, abin da take da shi cizo ne da ihu. A farkon aikina an ba ni wani saurayi da ya kama buga kansa da bango. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an yi masa allurar barci har yana tafiya yana dalalar miyau. Wata tsohuwar nas ce ta lura cewa in an miƙa masa rake, wanda da yake mutuwar so, sai ya yi wurgi da shi, tuwo ma a gefe guda yake tauna. Mutum uku suka riƙe shi aka haska bakin da tocila. Wani haƙori ne can ciki ya ruɓe, dasashi ya tara mugunya. Aka cire, kafin mako ya zagayo ya bar bango ya huta. Ni kuwa wata biyu na yi ina zuwa gidan ina rubuta "yana da faɗa" a fayil. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Saboda haka aikin farko shi ne a kai ta likita ya duba ta daga kai har ƙafa. A leƙa baki da kunne. A tambayi uwar kwana nawa take yi ba ta zaga ba, domin cushewar ciki na sa irinsu tashin hankalin da ba za ki yi zato ba. A gwada fitsari. A tambayi yadda al'adarta take zuwa, ko da ciwon mara. A laluba jiki ko akwai ƙuna, targaɗe ko karaya da ta samu a wata faɗuwa ba a sani ba. Ki bi su da kanki, kuma da bakinki ki ce wa likitan: "Wannan halin sabo ne, wata huɗu ke nan, da ba haka take ba." In ba ki faɗa ba, layi ya yi tsawo, zai ga mai larurar ƙwaƙwalwa ya jingina komai ga larurar, ya rubuta maganin barci ya kira na gaba.

Akwai kuma abin da ba na son rubutawa, amma ɓoye shi zalunci ne. Budurwa ce, ba ta iya ba da labari, unguwa duka ta san lokacin da uwarta ke fita da lokacin da take dawowa, sai ga ta farat ɗaya ta ƙi a cire mata kaya, tana firgita da dare. Ban ce an taɓa ta ba, cewa nake a duba. Ki keɓe da uwar, ba a gaban baffa ba, ki tambaye ta rabon da ta ga jinin yarinyar. A yi gwajin ciki cikin sirri. Akwai cibiyoyin da aka tanada don irin wannan, kamar Waraka da ke asibitin Murtala a Kano da cibiyoyin Salama a Kaduna, ki nemi mafi kusa da ku. In abin bai daɗe da faruwa ba, ki sani maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, babu jiran sai gobe. Amma don Allah kada ki tsare ta da "wane ne? wane ne ko?" Irinsu sukan gyaɗa kai don su faranta wa mai tambaya, sai a ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba, mai laifin ya sulale. Ki sa ido kawai: wa take gani ta noƙe, muryar wa take ji ta fara cizon hannu? Shi kuma dattijon nan da ya fito yana so, a ina ya san ta, kuma tun yaushe? Ki riƙe wannan a ranki, kada ki furta wa kowa tukuna.

Wataƙila kuma abin ba na jiki ba ne. Ki tambaya me ya sauya a gidan wata huɗu ko biyar baya. An aurar da ƙanwar da suke kwana tare? An canza mata ɗaki? Wani baƙo ya tare? Mutane suna ɗauka irinta ba su san rabuwa ba, alhali sun fi mu jin ta, don mu ana yi mana bayani, su kuwa sai dai su wayi gari su ga mutum babu.

Wani abu kuma da na tabbata ba a taɓa yi ba: an gwada jinta? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka tashi daga sanƙarau irin mai tsanani yana barinsu da tabo na dindindin, kurumta kuwa tana kan gaba a ciki. Yarinyar da ta daina ji tana shekara biyar, ba a sa ta makaranta ba, ba a koya mata maganar hannu ba, maganarta kan zube, a yi ta kiranta da sunayen banza alhali akwai fahimta a ciki fiye da yadda ake zato. Ba na yi miki alƙawarin haka ne. Amma sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibiti zai iya gwadawa, kuma in ta tabbata, yadda ake yi mata magana gaba ɗaya zai canza. Ko ɗan maƙwabtan nan, ƙila ta baya ya zo mata ba ta ji tahowarsa ba.

Kafin ranar asibiti, ki sayi littafi mai falle arba'in ki ajiye a gidan. Duk ran da ta birkice a rubuta abu uku: me ake yi kafin ta fara, me ta yi, me aka yi mata ta lafa. A sa lokaci, ko da "bayan la'asar" ne. Duk faɗuwa ma a rubuta, da ranar da aka sha magani da ranar da ba a sha ba. In uwar ba ta yi boko ba, ta rubuta da ajami, ko wani yaro ɗan sakandare ya riƙa rubuta mata, ko a aiko miki da saƙon murya ta WhatsApp ki juya da kanki. In akwai waya mai kyamara, a ɗauki bidiyon faɗuwa guda don likita, shi kaɗai za a nuna wa, a goge bayan nan. Mako biyu kacal za ki ga abin ya fara yi miki magana. Na taɓa ganin wadda duk rigimarta tsakanin azahar da la'asar take, ashe yunwa ce, tun kokon safe ba a sake ba ta komai sai dare.

Yanzu farfaɗiyar. Nan ne hankalina ya fi tashi, domin yadda ake ba ta maganin, yau a sha gobe babu, ya kusa fin rashin shan haɗari. Yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya na iya jawo faɗuwa a kan faɗuwa ba tare da farfaɗowa ba, wannan kuwa yana kisa. Kururuwar daren ma tana iya zama faɗuwa ce cikin barci ba a gane ba. Ki je ki ga kwalin da idonki. Wane magani ne, wa ya rubuta shi, yaushe rabon da likita ya sake dubawa? Sau da yawa za ki tarar takardar da aka rubuta wa yarinya mai shekara bakwai ce ake ta kai wa kemis har ta zama budurwa. Ki tambaya ko mai kemis ya canza mata wani a 'yan watannin nan, ko ya ƙara mata na barci. Fenobabiton, wani maganin farfaɗiya, yana da araha kuma yana aiki, amma yakan sa wasu fushi da rashin natsuwa. Largactil da ake yawan ba wa mai hargowa yana iya sauƙaƙa wa farfaɗiya tashi. Epilim kuma, shi ma maganin farfaɗiya ne, yana da illa babba ga ɗan tayi, don haka likita ya kamata ya san akwai maganar aure ko zargin ciki. Ba na faɗa miki waɗannan don ki canza komai da hannunki ba, sai don ki san abin tambaya. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, ga kuma asibitocin koyarwa. Abin ƙarfafa gwiwa shi ne, kusan mutum bakwai cikin goma masu farfaɗiya na iya daina faɗuwa in an dace da magani kuma ana sha kullum.

Ki koya wa mutanen gidan abin yi in ta faɗi: a kwantar da ita a gefe, a sa wani abu mai taushi ƙarƙashin kai, a janye wuta da duk abin da zai ji mata. Ba a cusa cokali a baki, ba a ɗura ruwa ko manja, ba a danne ta. In ta wuce minti biyar ko ta sake faɗuwa ba ta farfaɗo ba, sai asibiti. Ki faɗa da ƙarfi maƙwabta su ji cewa miyanta ba ya sa wa kowa ciwon.

Igiya kuwa, kada ki shiga wa uwar da doka a baki. Matar nan shekara 18 tana wanke kashi da fitsari, tana tashi tsakar dare, mijin da ke kama mata ya rasu. Ba mugunta ta sa ta ɗaure 'yarta ba. Awa uku ne daga asuba zuwa hantsi da ba ta da mai zama, in kuma ba ta fita ba, ba a ɗora tukunya. In kika ce mata "haramun ne, laifi ne," za ta ce to, gobe ta ɗaure, ta daina buɗe miki ƙofa. Abin da za ki nuna mata shi ne: in farfaɗiya ta tashi yarinya na kulle, ƙafa a ɗaure, wa zai juya ta? Uwa ce, za ta gane. Sannan ku zauna ku nemo mai cike awa ukun nan. Ko a dawo da kaskon ƙofar gida. Ko wata dattijuwa amintacciya a maƙwabta ta riƙa zama ana sallamarta. Ko matan dangi su yi karɓa-karɓa, kowa da ranarta. Ran da aka samu mai zama, igiya da kanta za ta koma shanya. Ki kula dai, mai farfaɗiya da tafasasshen mai ba sa haɗa inuwa, haka bakin rijiya da murhu.

Gidan mari babu shi a lissafi. Ba mu manta watan Satumban 2019 ba, da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka, daga baya aka sake ganin irinsa a Daura da Katsina. Waɗancan ma suna da bakin da za su faɗi abin da aka yi musu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta hana ɗaure mutum da mari da sunan magani. Addu'a da tofi kuwa kada ki yi faɗa da su, ke ma in ɗanki ba lafiya kina yi. Sharaɗi dai kar a doke ta, kar a turnuƙe ta da hayaƙi, kar a ce a ajiye maganin asibiti.

Sai baffa. Na san kin riga kin yanke masa hukunci a ranki, ni ma da na karanta na ɗan yi tsaki. Amma in kika mai da shi abokin gaba kin rufe ƙofar da kuɗin magani zai fito. Riƙon gonar da yake yi ba laifi ba ne a kan kansa. Aya ta biyar a Suratun Nisa'i ta ce kada a danƙa wa masu raunin hankali dukiya, amma a nan take ta ce a ciyar da su daga cikinta, a tufatar da su, a faɗa musu magana mai daɗi. Ke nan amana ce a hannunsa, ba kyauta ba. Wannan magana ba daga bakinki ya kamata ta fito ba, don dattijo ba ya son 'yar cikinsa ta karanta masa aya. Ki fara zuwa wurin mai unguwa da limamin unguwa, kowa shi kaɗai, ki kai musu lissafi a rubuce: ga kuɗin maganin wata, ga kuɗin motar asibiti, ga sallamar mai zama. Sannan a kira zama. A zaman a tambaye shi cikin girmamawa: "Baffa, bana buhu nawa gonar marainiyar nan ta bayar?" In ya ba da haɗin kai, a yaba masa a gaban jama'a. In ya turje, kotun shari'a na nan, alƙali na da ikon neman lissafi, har ya miƙa riƙon ga wani. Amma wannan sai an ƙure.

Kada a tashi daga zaman da "Allah ya sawwaƙe, za mu duba." Na ga irin wannan tashin ya fi a ƙirga. Kowa ya tashi da aiki mai suna da rana: wane ke sayen magani kafin ɗaya ga wata, wance ke zama Litinin da Alhamis, wane mai adaidaita sahu ke kai su asibiti. Ki rubuta, ki karanta musu, ki bar wa mai unguwa kwafi. Bayan mako biyu ki bi kowa ki ji. Wannan bibiyar mai gajiyarwa ita ce ainihin aikinmu, ba a ɗaukar hotonta, ba a kuma yi wa mutum godiya a kanta.

Maganar aure, aure ba ya gyara ƙwaƙwalwar da sanƙarau ya taɓa, ba ya tsayar da farfaɗiya. Na san masu ƙaramin raunin fahimta da suka yi aure suna zaune lafiya, domin sun san mene ne auren, sun so, dangi kuma na kusa. Mutuniyarki ta san abin da ake nufi? Wadda ta ƙi uwarta ta cire mata riga, ita za a kai ɗakin namijin da ba ta sani ba? In ciki ya shiga ga magungunan nan, wa zai kula? In ta faɗi a kan murhu gidan miji, wa ke nan? A zaman, kada ki ce "ba za a yi ba," ba ki da wannan hurumin, kuma zai sa baffa ya kafe. Ki ce a dakata sai likita ya gama bincike, ki roƙi liman ya tambaya a fili: maslahar wa ake nema, tata ko ta masu son sauke kaya? In ana shirin ɗaurawa a ɓoye, a nan kam ki sanar da ofis a rubuce, a je gaban alƙali.

Ogan naki yana da rabin gaskiya. Ku ba asibiti ba ne, ita ma ba mahaukaciya ba ce. Raunin fahimta daban, taɓin hankali daban, ko da yake mutum ɗaya na iya haɗa su. Likita zai gan ta minti goma sha biyar a wata biyu ko uku. Sauran kwanakin, wa zai tabbatar an sha maganin, an kwance igiya, gona ta yi amfani? Wannan ofishinku ne. Kada ki yi masa gardama a baki, ki rubuta masa takarda shafi guda: ga haɗarin da take ciki, ga abin da za ki yi a wata uku, ga abin da kike nema daga ofis, ko da wasiƙar tura ta asibiti ce mai hatimi. Ki ambaci dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ita ce ta haifar da hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa a 2020, kuma ta ce mai larurar ƙwaƙwalwa yana da haƙƙin samun kulawar lafiya kyauta a asibitin gwamnati. Jihohi da dama sun yi tasu, ki nemo ta jiharku. Na sani a takarda ne ya fi kyau, a tagar biyan kuɗi labari kan sha bamban, amma oga ba ya son ya sa hannu a kan rufe fayil ɗin da aka rubuta masa haɗarinsa baƙi da fari. Manyan asibitoci kuma suna da sashen walwalar marasa lafiya, 'yan'uwanki ne a sana'a, ki je ki gabatar da kanki. Haka kwamitin zakka na yankinku.

To ga dalilin da na ce kada ki ɗauko ta. Gidan nan, duk da igiyarsa, shi ne duniyar da ta sani: ƙamshin uwarta, inda randa take, muryar ladanin da ke tashinta in tana ji. Mai irin larurarta sauyin wuri na rikita shi, sai abin da kike gudu ya ninka. Ran da ta bar gidan, baffa ya huta, gona ta bi ruwa, dangi su ce ai gwamnati ta karɓa. Ke kuma ma'aikaciya ce, gobe a yi miki canjin wurin aiki, ko ki haihu, ko maigidan da bai ba ki fuska ba ya ce ya gaji. Sai a mayar da ita gidan da ya riga ya saba da rashinta. In kuwa ta faɗi ta ji ciwo a hannunki, waɗanda ba su taɓa saya mata ƙwaya ɗaya ba su ne za su fara kai ƙararki. Kuma fayil na gaba da za a miƙo miki, shi a wane ɗakin za ki sa shi?

Albashin ma ki janye, amma a hankali, tunda na gaya miki illar yanke magani. Ki faɗa wa uwar gaskiya tun yanzu: "Inna, zan ci gaba har wata biyu, kafin nan mun samo inda zai riƙa fitowa." Ki tsayar da ranakun zuwanki, ki kashe waya in kin kwanta, bayan kin tabbatar sun san inda za su nufa in abin gaggawa ya taso. Ki samu wata babba a aikin da za ki riƙa zama da ita ko sau ɗaya a wata kina sauke abin da ke ranki. Rashin barcin nan in ya zarce, ke ma ki ga likita.

Abu guda ya rage, kuma na lura da shi ne don ni ma na yi irinsa. A duk wasiƙarki kin gaya min abin da uwa ke so, da baffa, da oga, da ke kanki. Ba ki gaya min abu ɗaya da ita take so ba. In kin je ran Litinin, ita za ki fara gaisarwa kafin uwar, da sunanta na yanka, ki durƙusa daidai fuskarta inda za ta ga bakinki. Ki miƙa mata abu biyu, lemo da ayaba, ki jira ta zaɓa, ko da za a yi minti biyu shiru. Ki tambayi uwar kalmomi goman nan, ki rubuta su da ma'anarsu, don wani lokaci "ruwa" a bakinta yana nufin fitsari. Ki gano abin da hannunta ya iya. Wake ake tsincewa kullum a gidan nan, a ajiye mata faranti a inuwa nesa da wuta a gani. Duk wannan ki tattara a takarda guda: sunanta, maganinta da lokutansa, yadda take nuna ciwo, abin da ke firgita ta, abin da ke kwantar mata da hankali. A sa a leda tare da katin asibiti, yadda ko ba kya nan, nas ɗin da ba ta taɓa ganinta ba za ta san ta inda za ta fara.

Ki rubuto min in kun dawo daga asibitin. Ina son jin abin da aka gani a bakin nan da kunnen nan.